Ranar Da Hannun Baba Ya Yi Fari

Duk wanda ya san Babana, hannunsa ya fara sani kafin fuskarsa. Tun ina rarrafe nake ganin hannun nan shuɗi har wuyan hannu, wani makon ja, wani makon kore, ya danganta da abin da masaƙa take rinawa. Shi ne babba a sashen rini. Safar hannu kam ana ba su, amma Baba cewa yake shi ba ya gane yadi ya sha rini sai ya taɓa da fatarsa. Umma ta yi faɗa har ta gaji, ta sayi sabulu kala-kala, daga ƙarshe ta sallama. Ku riƙe wannan a ranku, 'yan uwa masu karatu, don da ni ma na riƙe shi a safiyar da zan ba ku labari, da ban isa bakin tanki ina washe baki kamar sakarya ba.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni. Ruwan da ake gama rini da shi, ta kwatar bayan masaƙa yake fita, ya gangara rafin da masu lambu suke ban ruwa. Shekara da shekaru haka ake yi, har yaran unguwa sukan yi gardamar launin da rafi zai wayi gari da shi. Sai hukumar kula da muhalli ta ce ya isa haka, ta ba da wa'adi: ko a tace ruwan, ko ta garƙame sashen rini. Injin tacewa kuwa manaja ya ce ko an sayar da shi da iyalinsa ba za a iya saye ba.

Ni kuma ina zaune a gida da digirina na ilimin ƙananan halittu, ba aiki, sai wanke-wanke da jin gorin Umma. Na ce wa Baba ya kai ni wurin manaja. Akwai wani irin naman kaza, farin nan da ke fitowa a jikin ruɓaɓɓen itace. Abin da yake tsatsafarwa ya narkar da itace ya ci, shi ne dai yake iya farfasa rini a cikin ruwa har launin ya mutu. Na raine shi a garin katako, na ɗura a buhunan albasa masu raga, na jera a wani tsohon tankin siminti da manaja ya ba ni a bayan sashen su Baba. Sai ruwan ya huce, an rage masa kaifin soda, sannan a sako shi tankin, ƙaramin famfo yana hura masa iska. Daga nan sai haƙuri. Shuɗi ya koɗe a hankali, ya koma kamar shayin da aka cika wa ruwa.

Watanni na yi ina wannan reno. Kafin in samu tanki, a ƙarƙashin gadona buhunan suke, ɗakin yana warin daji bayan ruwan sama. Umma in ta leƙo sai ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Sa'o'inki suna tara kayan ɗaki, ke kina tara funfuna. Allah ya shirye ki, Auta."

To, a bakin kwatar nan na haɗu da shi. Ya zo ɗibar ruwan gwaji daga hukumar, dogo, da takalmin roba har gwiwa, jakarsa cike da kwalabe suna ƙara. Na ce masa ba a nan ake ɗiba ba, ya matsa gaba inda ruwan ya gauraya. Ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Malama, aikina za ki koya mini?" Amma ya matsa ɗin. A wayata har yau Mai Kwalba na sa masa. Da soyayya ta ƙullu, ya zo gida ya gaida Baba, Baba ya ɓoye hannu a aljihu don kunya, shi kuwa ya miƙa nasa biyu ya ce hannun da ya ci da gida ai ba a ɓoye shi. Tun ranar Baba yake ce masa "yaron kirki". Mai Kwalba ya ce manyansa za su zo neman aure, amma sai an gama maganar masaƙa, don kada a ce da wata manufa.

Kun ga inda matsalar take? Shi aka sa ya zo duba tankina, shi da shugabarsu.

Ana saura 'yan kwanaki su zo, wutar lantarki ta ɗauke a ɓangarenmu, ta ƙi dawowa. Famfon iska ya tsaya. Naman kaza in ba iska lalaci yake yi, ba ya mutuwa amma ba ya aiki. Na riƙa juya ruwan da gora har kafaɗuna suka yi tsami. Da yammacin jajibirin zuwansu na ɗebo ruwan a kofin gilashi na ɗaga shi sama. Ya koɗe sosai, wallahi ya koɗe, amma shuɗin yana nan, ko makaho ya shafa zai ji.

Baba yana tsaye a bayana, ya harɗe hannuwa a baya. Ya daɗe yana kallon kofin.

"Auta, yanzu in babu launin nan, shi ke nan sun ƙyale mu?"

Na gaji, kaina yana sarawa. Na ce, "Launin suke fara dubawa, Baba." Ban ce masa akwai sauran abubuwan da suke aunawa waɗanda ido ba ya gani ba. Ya gyaɗa kai kawai ya wuce.

Bayan magariba Umma ta same ni a ɗaki ina goge farar rigar aikina. Ta zauna bakin gado, ta ɗauke wayata daga kan filo ta ɗora mini a cinya.

"Kira shi."

"Wa?"

"Kada ki raina mini hankali. Yaron nan dai. Ki ce ya ɗan kawar da kai gobe. Ai ba sata aka ce ya yi ba, ido kawai zai runtse."

"Umma, aikinsa ne fa."

"Na ubanki wasa ne? Mutumin da ya tsufa a bakin tukunyar rini, in aka rufe ina zai je? Wa zai ɗauke shi da furfura? Mutum yana cewa yana son ki, to ga ranar so ta zo." Ta miƙe tana gyara ɗaurin zaninta. "In ba zai iya wannan ba, ban ga abin da zai iya miki nan gaba ba."

Ta fita ta bar ni da waya. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Kafin in tura komai sai ga nasa ya shigo.

"Kin ci abinci? Ya 'ya'yanki na cikin buhu?"

Na rubuta: "Suna fushi, ba wuta. Ruwan bai gama washewa ba."

Ya ɗan jima yana rubutu, alamar tana fitowa tana ɓacewa.

"Kada ki gaya mini komai game da gobe, don Allah. Abin da na gani shi zan faɗa. Kin san ni."

Na san shi ɗin, abin da ya sa nake son sa ke nan, kuma abin da ya sa a daidai lokacin na ji kamar in jefa wayar a bango. Na tura masa "To" kawai, ko ɗan hoton murmushin da na saba ban sa ba.

Da safe na saka doguwar riga ruwan toka, na yafa baƙin mayafi, na ninke farar rigar a jaka. Ko hoda ban shafa ba. Umma ta ce Baba tun bayan sallar asuba ya leƙa masaƙa, ya dawo karyawa. Na same shi a falo da kofin shayi a gabansa, bai taɓa burodin ba. Da ya miƙa hannu zai ɗauki kofin sai Umma ta tafa.

"Iko sai Allah! Malam, yau kai ne da farin hannu? Shekara nawa ina fama! Ashe baƙi kake jira ka yi wa kwalliya."

Na kalla. Hannun ya yi fari fat, har da ɗan ja-ja a tsakanin yatsu, fatar ta tattare kamar ta wanda ya wuni yana wanki. Na yi dariya, na ce, "Baba ya zama ango." Shi bai yi dariyar ba, ya janye hannun ya tura cikin hannun rigarsa. Hankalina yana kan tanki, ban kawo komai a raina ba.

Muna shiga masaƙa manaja ya taro ni da sauri, tumbinsa yana gaba, hularsa a karkace.

"'Yar Baba! Kin fitar da mu kunya! Zo ki gani, zo ki gani!"

Na bi shi har da ɗan gudu. Na leƙa tankin. Jama'a, ruwa garau! Har ƙasan simintin nake hangowa, da buhunana a jere. Ma'aikatan sashen sun kewaye suna ta barka, wani yana cewa shi wallahi zai iya alwala da shi. Daɗi ya kama ni, na ce ashe 'ya'yana sun tausaya mini. Har na zaro waya zan ɗauki hoto.

Sai warin ya doki hancina.

Tankina warin ƙasa mai laima yake yi. Wannan kuwa wari ne mai yaji, irin na banɗakin asibiti in an gama wanke shi. Kuma naman kaza bai taɓa ba ni ruwa garau haka ba, iyakarsa ruwan shayi. Na naɗe hannun riga na jawo buhu ɗaya. Da, in ka taɓa shi, dam yake, farin zaren ya kama garin katakon ya dunƙule kamar burodi. Yanzu yana ɗagowa ya zube a hannuna, yauƙi-yauƙi, ya yi launin ƙasa. Na jawo na biyu, na uku. Duk sun mutu. Wahalar watannina ce take tsiyaya ta tsakanin yatsuna.

Bilic ne. Ba irin na wankin gida ba, mai ƙarfin nan da suke kankare launi da shi in rini ya ɓaci a jikin yadi. Kuma a duk masaƙar nan mutum ɗaya ne yake riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye shi.

Na waiga. Baba yana can gefe, jikin bango, hannuwansa a cikin riga.

Na ƙarasa wurinsa. Na yi ƙasa da murya.

"Baba, mu ga hannunka."

Bai musa ba. Ya fito da su.

"Kaɗan na zuba," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Na gauraya da kaina don ya bi ko'ina. Mu haka muke yi, in launi ya ƙi, a cire shi. Na ce in taimaka wa abin naki ya ƙarasa. Na ga kafaɗarki ko ɗaguwa ba ta yi."

"Baba, masu rai ne. Ka kashe su."

Ya ɗago da sauri. Wallahi bai sani ba. A wurinsa funfuna funfuna ce, ba ta da wani rai da za a kashe.

"Duka?"

Na gyaɗa kai. Haushi ya cika ni har wuya, tausayi kuma ya danne haushin, na rasa wanda zan bi. Ga shi abin bai tsaya nan ba: bilic launin kawai yake ɓoyewa, dafin yana nan, har ma in ya haɗu da rini yakan haifar da abin da ya fi na da muni. In aka ce ruwan nan ya yi, aka buɗe shi ya gangara rafi, masu lambu ne za su kwasa.

Ƙarar mota muka ji a bakin ƙofa.

Shugabarsu ce ta fara fitowa, wata dattijuwa mai tabarau, ba fara'a ba ɗaure fuska. Shi yana biye, da takalmin robarsa da jakar kwalabe. Ya gaida manaja, ya rusuna ya gaida Baba, ni kuwa ya ce, "Sannu, Malama," kamar bai taɓa cin abincin gidanmu ba. Wayata ta yi motsi a aljihu. Na leƙa. Umma ce: "Ki tuna da ubanki."

Manaja sai zuba yake, yana nuna ruwan da hannu biyu. Shugabar ta leƙa ta ɗaga gira.

"Kai, abin ya yi kyau. Naman kaza ne ya yi wannan?"

Mai Kwalba ya tsuguna a bakin tankin ya buɗe kwalba. Na ga lokacin da warin ya same shi. Hannunsa ya tsaya a sama. Bai kalle ni ba, buhun da na yar a gefe ya kalla, sannan ya juya a hankali ya kalli hannun Baba, hannun da ya taɓa riƙewa da nasa biyu. Ya gane. Ita shugabar tana tsaye ta inda iska ke kaɗawa, ga mura tana damun ta, sai jan hanci take da hankici. Shi kaɗai ya sani, sai ni, sai Baba.

Ya miƙe da kwalbar ba komai a ciki. Ya juyo gare ni.

"Malama, kafin in ɗiba, ƙa'ida ce in tambaya. Ruwan nan, ban da naman kazanki, an sa masa wani abu?"

Da idonsa yake roƙona, amma har yau ban san me yake roƙo ba. In na ce a'a, ko dai ya ɗiba ya yi shiru ya zama maƙaryaci saboda ni, ko ya tona, a ce Baba ya yi wa hukuma algus, a kore shi da baƙin suna. In na ce e, kwaɗo ne a ƙofar sashen rini. Manaja yana mini murmushi yana gyaɗa kai.

"An sa," na ce. "An zuba bilic. Kada ka ɗiba, ba aikina ba ne wannan. Nawa jiya da yamma da sauran shuɗi."

Manaja ya dafe hula. "Ke! Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

Shugabar ta cire tabarau. "Wa ya zuba?"

Na buɗe baki zan ce ni ce, Allah ya sani har na ja numfashi. Sai Baba ya tako gaba ya ɗaga hannuwansa biyu sama, farare, kowa yana gani.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Yarinyar ba ta sani ba, manaja bai sani ba. Jahilci ne, ba wanda ya sa ni."

Shugabar ta mayar da tabaraunta. Ta ce tunda an faɗi gaskiya kafin a ɗiba, ba za ta kira shi algus ba. Amma ba ruwan da za a gwada, wa'adi kuma ya cika. Za a rufe sashen har ranar da aka samu tataccen ruwa na gaske, in an samu. Ta juya ta miƙa wa Mai Kwalba kwaɗo.

Shi ya rufe. Ina tsaye ina kallo ya ja ƙofar ƙarfen nan da Baba yake buɗewa kowace safiya tun kafin a haife ni, ya saƙala kwaɗon, ya danna. Ma'aikatan suka watse ba mai kallon mu. Ɗaya daga cikinsu, wanda ɗazu zai yi alwala, ya tofar da yawu kusa da ƙafata.

A gida Umma ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta saurara har ƙarshe, ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kalma ɗaya. A'a kawai za ki ce. Kin zaɓi funfuna da saurayi, kin bar ubanki."

"Umma, rafin fa, mutane..."

"Rufe mini baki. Mutanen rafi ne za su ciyar da gidan nan?"

Na shige ɗaki na zube a ƙasa ban ko cire mayafi ba. Ina kuka sai idona ya faɗa ƙarƙashin gado. Wani ɗan buhu ne can a lungu, wanda na manta da shi lokacin kwashe kaya, ya yi fari tas da zare. Na jawo shi na rungume kamar jariri. Ɗaya ne tak, kuma kafin ya haifi abin da zai cika tanki, sai an yi watanni ana jira, in manaja ma ya yarda in sake taka masaƙar.

Da la'asar ta yi sanyi wayata ta yi ƙara. Mai Kwalba.

"Ina ƙofar gida. Ba wurinki na zo ba. Baba nake son gani, in zai yarda ya gan ni."

Na fito da wayar a hannu, buhun a ɗaya hannun. Umma tana ganin fuskata ta gane. Ta tashi ta tsaya a bakin ƙofar falo ta tokare da hannu.

"Wanda ya danna kwaɗon? Wallahi in ya tako gidan nan, ko ke kika taka waje, sai dai ki nemi wata uwar."

Baba yana zaune a kujerarsa tun da muka dawo, ko ruwa bai sha ba. Ya dubi buhun da ke hannuna.

"Wannan yana da rai?"

"Yana da rai, Baba."

"To ki kai shi inda hannuna ba zai kai ba."

Ya miƙe ya ɗauki hularsa. Ya tsaya yana juya tafukansa, gaba da baya, kamar na wani ne aka ba shi aro.

"Shekara da shekaru ina ɓoye hannun nan in zan gaisa da mutane," ya ce. "Ashe ranar da ya yi fari ce zan fi jin kunyarsa."

Ya ce wa Umma ta ba shi hanya. Ba ta taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba, ni ma haka. Ta janye hannu, ya wuce, tana ganin na ɗaga ƙafa ta mayar da hannun ta tare ni. Daga inda nake na ji ƙarar sakatar ƙofar gida, na ji sallamar Mai Kwalba. Na kasa kunne iya ƙarfina, ina jiran in ji ko Baba zai amsa masa.